Farar ƙafata da butar shayin Iya

Shekarun baya can, farkon alif ɗari tara da tamanin, ina karatu a Alƙahira, ni ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallonmu ta ɗalibai Hausawa a unguwar Hayyin Ashir. Duk shekara ana gasa tsakanin ɗaliban Afirka, mu kuma rabonmu da kofi tun kafin na san hanyar Masar. Amma da na sha ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna a wasan ƙarshe, shekara biyu a jere, sai aka samu wanda za a ɗora wa. Wai farar ƙafa gare ni.

Da wasa aka fara, har ta kai in na zauna a tiren abinci sai hira ta mutu. Na koma cin wake da burodi ni kaɗai a ɗaki. Abin ya ci ni ƙwarai. Ga shi shekarata ta ƙarshe ce, kuma na ji ana shirin ajiye ni a benci.

Ina da aboki, ɗan Damagaram, mai rubuta labarin wasanni a jaridar bango da ake mannawa a zauren ɗalibai. Ko buga ƙwallo bai iya ba, sai baki da alƙalami. Wata Juma'a ya manna dogon rahoto, wai ya binciko asalin bakin da ke bin ƙungiya. Shekaru kafin zuwana, ƙwallonmu ta lotsa butar wata tsohuwa Bahausar Sudan mai sayar da shayi a bakin fili, ba wanda ya ba ta haƙuri, ita kuma ta yi mana baki.

Kyaftin ɗinmu ya karanta, ya ce, "Yalla, a tashi a tafi kasuwar Ataba."

Muka sayo sabuwar buta, muka jeru gaban tsohuwar kamar masu neman aure. Ta juya butar, ta dube mu.

"Ni 'ya'yana ban tuna ba," in ji ta.

Abokina ya yi caraf ya ce, "Iya, tsufa ne. A dai yafe mana."

"To, ma'alish, ba komai. Allah Ya ba ku sa'a. Ku zauna ku sha shayi."

Ranar na sha shayi kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka yi watanni ba su kalle ni ba. Aka bar mini gidana. Muka kai wasan ƙarshe, aka sake cin mu ɗaya da nema, amma ba wanda ya waiwaye ni. Kowa cewa yake butar ce ta yi ƙanƙanta.

A hanyar komawa na tambayi abokina, "Malam, tsakaninka da Allah, an taɓa lotsa butar nan?"

Ya ce, "Wa ya sani? Ni dai na ga ka daina cin abinci da mu."

Har yau in na tuna, addu'a nake masa, don ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba. Ya san mutanenmu ba za su saki zancen baki ba, shi ya sa ya ɗauke shi daga kaina ya aza wa buta.

A gasar farko bayan na dawo gida suka ɗauki kofin. Ni kaina na fara zargin ƙafar tawa. Sai wani da ya dawo bayana ya faɗa mini kanun da abokina ya manna a bango ranar: addu'ar Iya ta iso, bas ɗin Ataba ne ya makarar da ita.