Tungarma a Cikin Tokar Kaka

Na taɓa ganin an zana duniya guda da tsinken tsintsiya a cikin tokar murhu, a ƙauyenmu da ke arewacin Illela. Kakata ce mai zanen, mahaifiyar babanmu. Da an sauke tuwo bayan magariba sai ta janyo toka gefe, ta shimfiɗe ta da tafin hannu, garwashi yana haska mata. Ni da ƙannena biyu mu yi mata zobe, kowa yana ture ɗan'uwansa.

Shekarar da nake nufi ina 'yar shekara tara. Ruwan farko ya yaudare mu. Aka yi shuka, hatsi ya tsiro, sai sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi tas. Iri ya ƙare, kuma irin kakanmu ne mai saurin nuna, wanda ya saba da jigawarmu. Na kasuwa ba ya kai gaci a gonarmu. Mutum ɗaya ya rage da shi: Baba Idi, ƙanen babanmu, da ke zaune wajen Badagishiri. Su biyun kuwa shekara huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa su, saboda wani gawo da ke kan iyakar gonar gado. Hadari yana ta haɗuwa a gabas, kowa ya san in ruwa ya dawo ba mu da abin zubawa a rami.

A cikin kwanakin nan Kaka ta buɗe mana duniyar tokarta, Tungarma.

"Ga wata nan ta taso daga nesa," in ji ta. Muka ce ta ƙaraso, mun share mata wuri.

Ta zana wata ƙatuwar ƙasa mai siffar ƙwarya, ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ta ce raƙumi sai ya tsufa kafin ya ƙetare ta. A tsakiya ta dasa tsakuwa: Dutsen Turke ke nan, inda ake ɗaure gizagizai kamar shanu, wasu tsofaffi suna kwance su garke-garke, kowane yanki da watansa. Arewa ƙasar gishiri ce, rana biyu ke fitowa, da gishiri suke gina ɗakuna, shi ya sa su kaɗai ke roƙon kada a turo musu hadari da yawa. A kudu akwai kogin da ke gudu gabas wata shida, ya juyo yamma wata shida, 'yan kwale-kwale ba su san tuƙi ba, jira kawai suka iya. Yamma fadama ce, albasa guda sai mutum biyu sun ɗauka.

Wallahi na gaskata. Nakan riƙe numfashi don kada in hure arewa ta faɗa cikin kogi. Ƙanena ya taɓa miƙa ƙafa ya share rabin kudu, na yi kuka kamar an yi mana mutuwa.

A dare na uku na tambaye ta abin da suke saye da sayarwa.

"Ke takwara kin cika tambaya, sai ka ce jandarma," ta ce. "Gishiri shina tahiya kudu, kihi shina tahiya arewa. Amma babban hatauci nasu iri na. A Tungarma iri ba shi tsira ƙasad da anka haihe shi. Kowa sai ya tahi wurin wani ya amso."

Ta ce shi ya sa ba a yaƙi a can, don wanda ka sara bana shi ke riƙe da tuwonka na baɗi. Sai ta nuna gabas, inda ta bar toka fayau babu zane. Mutanen wurin sun taɓa jin kunyar roƙo, suka shuka nasu a nasu. Ba abin da ya fito. Suka zauna suna duban ramukan har ƙasar ta zama fako, ko akuya ba ta bi ta nan.

Ban lura ba a lokacin, amma kullum in ta zo kan gabas muryarta takan ɗaga. Babanmu yana zaune bakin rumbu ya ba mu baya, yana gyaran ƙotar sungumin da ba abin da ya same ta. Ran nan sai muka ji muryarsa.

"Inna, wagga ƙasa taki, wanda yat tahi biɗar iri, mi shika cewa?"

Kaka ba ta ko ɗago kai ba. "Ba shi cewa komi. Rairayin gonarshi shika zubawa cikin gora, shi aje ƙofar mai iri, shi zamna. Mai gida shi juye rairayin, shi cika gorar."

Da asuba ba jaki, ba Baba. Kwana biyu muna duban hanya, Kaka ta ƙi taɓa toka. A rana ta uku ya shigo da gora cike da iri da wani ƙaramin buhu a kan jakin. Bai yi bayani ba, ba wanda ya tambaye shi. A makon ruwa ya sauka, muka yi shuka.

Yau ni ke koyar da labarin ƙasa a wata lakwal, wato makaranta, a Konni. Ina zana nahiyoyi da alli, na san tsawon kogunansu, amma har yanzu babu wadda ta cika mini ido kamar wadda ake sharewa kowace safiya a ɗora tukunya. Na daɗe ina ɗaukar Tungarma wasan yara. Sai da na girma na gane tsohuwar nan ta gina duwatsu da koguna da rana biyu ne don mutum ɗaya, wanda ba za ta iya umarta a gaban 'ya'yansa ba.

Bara Baba Idi ya rasu. Muna kwashe kayan ɗakinsa sai matarsa ta miƙo mini wani ƙullin tsumma mai nauyi. Jan rairayi ne a ciki. Ta ce shi Baba Idi bai taɓa jin wata Tungarma ba. Ya dai fito ya ga yayansa zaune a ƙofa da gora, ya juye ta a hannunsa, ya gane rairayin gindin gawon nan ne, sai ya juya fuska bango.

Na kawo wa Baba ƙullin. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai da ya sa yatsu ya murza. 

"Ashe bai zubar ba," ya ce.