Ranar da kawuna ya hau jirgi sanye da likkafaninsa

Ni ne mai laifi. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta rabi ya fara kare ni. Amma akwai inda har gobe ba zan janye ba, za ku ji shi.

Shekarun baya, tun filin jirgin Jidda yana cikin gari a Kandara, ni ke tsaye a bakin sikelin auna kayan fasinja. Filin ƙarami ne. In jirgi zai sauka sai ya bi ta saman gidaje, har mata masu shanya a kan soro su sunkuya. Yawancin watanni hamma muke yi muna korar ƙuda, amma in an gama aikin hajji sai wurin ya cika ba masaka tsinke. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan shekaru a firamare. Amma an ba ni kaki da hula, ni kuwa a ganina duk unguwarmu ta Ruwais babu kamata.

A Jidda aka haife ni. Iyayena da ƙafa suka zo ta Sudan, suka zauna. A shekarar da nake ba da labari, yayan mahaifiyata ya zo hajji ta jirgi, rabonsu da juna tun tana amarya. Bayan ya gama ya sauka gidanmu yana jiran a kira jirginsu. Dogon tsoho ne mai barkwanci, kullum yana tsokanata wai Hausata ta sha ruwan gishiri. A kayansa akwai ƙunshi ɗaya da ba ya bari a taɓa: farin alawayyo, likkafani biyu, nasa da na matarsa da ya baro a gida. Ya jiƙa su da zamzam a Makka, ya shanya da hannunsa, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Da bakinsa ya faɗa mini, ya ce matar ba ta roƙe shi zobe ko turare ba, wannan kaɗai ta ce ya kawo mata.

Ranar tafiya rana ta take, kwalta har narkewa take. Mudir, wato shugabanmu, ya ce jirgin cike yake, ko da kuɗi kada a karɓi ƙarin kaya. Layi ya kawo kawu gabana. Abokin aikina, wani mai tsokanar tsiya, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ga mutanenka nan. Bari mu ga ko sikelin zai yi barci."

Mudir yana bayanmu, ya ji.

Na ɗora akwatin, allura ta wuce. Ba da yawa ba. Na kuma san dabara: a nemi alhajin da kayansa ba nauyi a haɗa masa, ko a cire dabino a bar wa mahaifiyata ta aika daga baya. Kullum ina yi wa mutanen da ban ma sani ba. Amma ranar so nake a ga ba ni da ɗan'uwa a bakin aiki. Na buɗe akwatin, na finciko ƙunshin da ke sama, na wurgar da shi ƙasa inda takalma ke bi. Da Larabci na yi masa magana, kamar ba mu taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

"Mamnu'un, ya hajj. Halas, yalla." Wato an hana, alhaji, shi ke nan, yi gaba.

"Ɗan nan," in ji shi a hankali, da Hausa, "likkafani ne."

"Sikeli bai san likkafani ba."

Ya dube ni. Sannan ya sunkuya, da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗauka ya kaɗe ƙurar.

"Mutum fa, kuna auna shi?"

Na ce a'a.

"To madalla."

Ya kwance ƙunshin a gaban kowa. Ya naɗe jikinsa da ɗaya, daga ƙirji har idon sawu, ya yafa sauran a kafaɗa. Ɗayan ya naɗa a kai, ya zama wani ƙaton rawani.

"Dama jikin nan aka saya wa shi," ya ce. "Na tsohuwa kuma na ara mata kaina har gida. Rufe akwatin, mai sikeli."

Wata hajiya ta saki salati. Na sake aunawa, allura ta tsaya daidai. Haka ya fita cikin ranar nan, ya taka kwalta har bakin jirgi, iskar farfela tana kaɗa farin ƙyallen, bai waiwayo ba. Mudir da nake son burgewa ya kau da kai ya shige ofishinsa.

Mahaifiyata tana bakin shinge cikin 'yan rakiya, ta gani da idonta. Da na koma gida ta ce, "Na ga yayana ya tafi cikin likkafani da ƙafarsa. Wa ya yi masa sutura?"

"Ummi, in jirgi ya yi nauyi ya faɗa Bahar Maliya, wa za a tambaya?"

"Ban tambaye ka jirgi ba. A hannu ka ba shi, ko ƙasa ka jefa?"

Na ɗauki hulata na fita.

Shekara uku ina wannan kare kai. Duk wanda ya taɓo maganar a majalisa sai in hau shi da zancen nauyin jirgi, kai ka ce ni na ƙera shi. Wasiƙun kawu kuwa suna zuwa ta hannun alhazai, cikin ajami, kuma ni ke karanta wa mahaifiyata. Sai ya gaida kowa da suna, har maƙwabta, a ƙarshe ya ce, "A gaida mai sikeli." Ni kuma dole in karanta da bakina, ƙannena suna ƙunshe dariya.

Ga inda ba zan janye ba. Waɗanda suka ce da na rufe ido na bar kayan ya wuce, har yau ban yarda da su ba. Rayuka ne a jirgin, kuma da zan koma bakin sikelin nan gobe, kayan da ya haura awo ba zai shiga ba, ko na ubana ne. Doka ba ta yi laifi ba. Ni ne na laɓe a bayanta, don ba ta ce a wurgar ba, ba ta ce in manta harshen uwata ba.

Abin da ya karya ni, mahaifiyata ce da ta fara jin jiki. Ta sayo alawayyo a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda, ta miƙo mini ba tare da wani bayani ba. Na tafi Makka na jiƙa, na shimfiɗa a rana cikin na sauran mutane, na danne gefuna da duwatsu, na zauna ina korar tattabaru. Sai wani mai sauri ya taka gefensa. Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba, a wuri mai alfarma, ina ihu. Mutumin yana ta rantsuwa bai gani ba. Na sake shi, na zauna a ƙasa. Shi bai gani ba. Ni kuwa an faɗa mini.

Lokacin kaset ya fara shigowa, ana aika murya gida. Na aro rikoda wurin maƙwabci, mahaifiyata ta zauna a gefe. Na fara, "Kawu, ka yi haƙuri, amma ka san dokar jirgi..."

"Goge," in ji ta.

Na sake. "Kawu, ranar mudir yana bayana..."

"Goge. Mudir ne kawunka?"

Sau huɗu ina gogewa. Nan na gane ban taɓa ba kowa haƙuri ba sai da "amma" a jela, kuma har yau in na ji ta tana zuwa bakina sai in ciji leɓe.

Kaset ɗin ya same shi da rai. Alhajin da ya kai ya ce kawu ya sa an kunna a zaure, ya kira matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ji. Gajere ne, ga shi duka:

"Kawu, ɗan ƙanwarka ne. Na jefa likkafaninka da na Inna a ƙasa, bayan ka faɗa mini ko mene ne. Na yi maka Larabci don kada a ce kai nawa ne. Babu wanda ya sa ni. Ka yafe mini, ka roƙar mini ita ma."