Bijimin da Muka Dandaƙe

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma har yau idan na ji rurin bijimi sai zama ya gagare ni. Allah ya jiƙansa. Ina da abin faɗa game da shi da yawa, amma duk inda na fara sai na tsinci kaina a bakin rijiyar Gangara, a shekara ta biyu ta babban fari.

Mahaifinmu ya bar mana shanu bokolo, irin da ya yi shekaru yana zaɓe yana tacewa. Fari ya cinye su har saura shanu mata huɗu da bijimi guda, wanda muke kira Gagarau. Kai, wannan dabba ta wahalar da mu! Garba zai hau gawo ya saro masa ganye, shi kuwa gogan naka sai ya bar abincin ya tafi tonon ƙasa da kofato, yana neman faɗa da bijiman makiyayan da suka gangaro daga Nijar. Haƙarƙarinsa duk a waje, amma wuyan nan da tozon nan ba su daina neman karo ba. Takarkaran maƙwabta kuwa, da aka dandaƙe tun suna ƙanana, suna kwance suna tuƙa, da sauran tsoka a jikinsu.

Lokacin ina sabon malamin makaranta a Isa, ina ji da kaina. Na zo gida na ce a dandaƙe shi ya huce, ya ci abinci ya rayu. Garba ya tambaye ni wa zai hau shanun idan ruwa ya dawo. Na ce bijimi ai ba ya ƙarewa a ƙasar Gobir, sai mu yi aro. Ya dube ni ya ce, "Malam, wutar da ka sa shi haihuwa ita ka cin shi. In munka kashe ta, mun kashe irin Baba."

Na yi ta naci kamar ƙuda. Ana haka Gagarau ya dawo daga rijiya da rauni a kafaɗa, jini na bin ƙafarsa, yana tangaɗi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Garba ya aika aka kira Sambo, Bafulatanin da ya iya aikin, aka kayar da bijimin aka dandaƙe shi.

Ya rayu, ba ƙarya. Ya yi sanyi, ya yi ƙiba, ya yi shekara goma sha ɗaya yana ja mana garma, geron da ya noma shi ya ciyar da gidanmu. Amma da damina ta sauka, muka zaga Gangara da ƙauyukan kewaye babu bijimin bokolo ko ɗaya, wasu sun mutu, wasu an sayar. Ƙarshe wani jan bijimi na masu wucewa ya hau shanunmu, 'yan maruƙan suka fito dogaye masu ƙaho, babu mai kama da na Baba.

'Yata da ke karatun likitan dabbobi ta ce abin da ke sa wannan zafin wani sinadari ne da marainan namiji ke fitarwa, ana kiransa testosteron. Shi ke gina wuya da tsoka, shi ke tura dabba ga karo da barbara, amma yana ƙone kitse, yana kuma iya rage wa jiki ƙarfin yaƙar cuta. Wai namijin dabba yakan sayar da tsawon ransa ne ya sayi 'ya'ya. Ashe Garba da bai taɓa zama a aji ba ya riga ta faɗa.

Ina yawan tunanin me zai ce a yau, da mutanen yankinmu ke tsoron ajiye sa mai kyau saboda ɓarayin daji. Na ji wasu na cewa wai zafin maza ne ke ɗibar masu bindigar nan. Na san Garba zai yi tsaki, ya ce kada a ɓata wa bijimi suna, shi da zarar abokin karonsa ya juya baya faɗa ya ƙare.

Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. A ciwonsa na ƙarshe na tsuguna kusa da tabarmarsa na ce, "Yaya, za ni roƙe ka gafara a kan Gagarau." Ya ce, "Kai ka ba da shawara, amma ni na riƙe igiya."

Shanun sun ƙare, garmar ta yi tsatsa. Abin da ya rage mini na Garba shi ne wannan hali nasa na ƙin barin ƙaninsa ya ɗauki kaya shi kaɗai. Har yau ban sani ba ko mun ceci dabba ne ko mun yanke zuriya, kuma mutum ɗaya da zai iya gaya mini ya zaɓi ya raba laifin biyu, ya tafi da rabinsa kabari.