Bong Dal-su da Ƙwallon Tsakiya

Na shafe ƙuruciyata ina yi wa kogin Miryang waƙa, shi da hazon da yake kwanciya a kansa da sassafe. Da tsufa ya zo sai na lura kogin bai taɓa neman yabona ba, na ajiye waƙa na koma rubuta mutane. Bong Dal-su ba ya cikin waɗanda suka cancanci ko baiti ɗaya. Rubutun zube ya ishe shi.

Gidansu yana bayan namu. Uwarsa ta haife shi a ƙarshen Fabrairu, shekarar karatu kuwa a ƙasarmu a watan Maris take farawa, saboda haka aka sa shi makaranta tare da yaran shekarar da ta gabata. Da ta ƙara haƙurin 'yan kwanaki, da ya faɗa ajin baya tare da tsararrakinsa. Wannan ita ce babbar nasarar da ya taɓa samu a duniya, kuma ba shi ya yi naƙudar ba.

Tun a firamare ya fara buga badminton. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da laushin hannu. A gaban raga yakan shafi ƙwallon nan mai gashin tsuntsu kamar mai share wa jariri hawaye, ya sauka can gefe ba ko sauti. Sai dai ƙafarsa nauyi gare ta, numfashinsa kuma gajere. Wasan mutum ɗaya ya fi ƙarfinsa, don a can ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Sai ya koma wasan bibbiyu, inda ya gano sana'arsa ta gaskiya, wato zama Yaya.

Duk wanda aka haɗa su da shi, kafin ya tambayi sunansa sai ya tambayi shekarar da ya shiga makaranta. In mutumin ya riga shi, sai ciwon kafaɗa ya kama Dal-su, ba zai warke ba sai an raba su. In kuwa na baya ne, to an samu mai ɗaukar jaka, mai wanke safa, mai tsince ƙwallaye bayan atisaye.

A ƙungiyar wani kamfanin taya aka haɗa shi da Tak Yeong-bin, ɗan masunta daga tsibiran kudu, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya daka tsalle ya sauke duka sai ka ji kamar an tsage zani. Shekara ɗaya aka haife su, shi a watan Maris. Amma aji ɗaya ne tsakaninsu, kuma Dal-su ya hau kan wannan ajin ya zauna kamar kujerar gado.

Kowane mai wasan bibbiyu ya san ƙwallon da ya zo tsakanin mutum biyu na wanda ya fi kusa da shi ne. A atisayensu na farko irinsa ya zo, Yeong-bin ya kai hannu, raket ɗinsu na buga ƙwallo suka gwaru. Dal-su ya tsaya ya duba nasa kamar an mari ɗansa.

"Kai, ɗan kifi, wa ya aike ka?"

"Yi haƙuri, Yaya. Na ga ya fi kusa da ni ne."

"Ka gani? Ashe har gani kake yi. A tsibirinku ƙane ne yake riga babba ɗaukar cokali?"

"A'a, Yaya."

"To buɗe kunnenka. Tsakiya tawa ce. Ko ina kwance a asibiti an ɗaura mini ruwa, tawa ce. Maimaita in ji."

"Tsakiya ta Yaya ce."

Ya sa shi ya kafa kai a ƙasa, hannu a baya, har gumi ya taru a katakon filin. Kocinsu, Malam Eom, ya juya baya yana gyara raga. Shi ma a zamaninsa Yayan wani ne. Duk ranar da hannun Yeong-bin ya sake mantawa, sai kansa ya biya, har hannun ya koyi darasi.

Shekaru suka yi a haka. Yeong-bin yana baya yana tashi yana sauka, guiwarsa tana cin wuya, Dal-su yana gaba yana jiran ƙwallon da aka riga aka kashe ya taɓa shi, sannan ya juya ga 'yan kallo ya yi kururuwa. Sun ci 'yan lambobi a gasar larduna. A duk hoton da aka ɗauka, kofin yana hannun Dal-su, rabin fuskar Yeong-bin yana bayan kafaɗarsa.

Nakan gan su a shagon Inna Chu, inda nake cin abincin rana. Yeong-bin ne mai juya nama a kan garwashi, shi ne mai zuba wa Yaya giya da hannu biyu, in zai sha tasa sai ya kau da fuska gefe. Wata rana tsohuwar ta gaji da kallo.

"Dal-su, ka bar bawan Allahn nan ya ci abinci mana. Ko wata guda ba ka ba shi ba, ni na je barkar haihuwarka."

"Inna, na riga shi sa rigar makaranta. Ƙaro kimchi, kabejin nan mai yaji."

"Ka riga shi tumbi dai."

"Na ƙoshi, Inna," in ji Yeong-bin, alhali bai kai ko loma ba.

Abu ɗaya Dal-su yake so a rayuwa: rigar 'yan wasan ƙasa, mai tuta a ƙirji. Tun ranar aurensa ya sa kafinta ya yi masa akwatin gilashi, ya rataye a falo. Na taɓa shiga na gani. Babu komai a ciki sai inuwar taga. Baƙo yana shigowa zai nuna masa ya ce, "Ana kan ɗinkin."

Dal-su ya haura talatin, guiwarsa ta hagu ta fara kumbura, sai ga shi sun kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa, a nan ɗakin wasanni na garinmu. Malam Eom ya faɗa musu gaskiya: masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suna zaune a sama, waɗanda suka ci za a kira su sansanin horo, kuma Dal-su ba zai ƙara ganin wata dama ba. Rabin unguwarmu ta je. Surukin Dal-su ya zo sanye da kwat.

Yeong-bin ya yi wasa ranar kamar ruwan sama mai iska. Shi ya ɗauke su ya kai su zagaye na uku a bayansa. Can ƙarshe abokan karawarsu, wasu samari biyu masu ƙafar barewa, suka wuce su da maki ɗaya, saura musu ɗaya su gama. Aka yi ta musayar duka har ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan takalma. Namu suka ja baya suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna tsaro. Dal-su ya karkata gefensa yana jiran duka mai ƙarfi. Sai saurayin ya sassauta hannu, ya saki ƙwallon a hankali, daidai tsakiya.

Dal-su ya yunƙura, guiwar ta ƙi. Yeong-bin kuwa taku ɗaya ya raba shi da ƙwallon. Na ga hannunsa ya miƙe, na ga ya tsaya a iska, na ga ya koma gefen cinyarsa. Ƙwallon ya sauko yana juyawa, fari, ba gaggawa, kamar furen da ya gaji da reshe. Ya kwanta tsakaninsu.

"Me ya hana ka ɗauka?" Dal-su ya daka tsawa, har masu zaɓe suka ji. "Makaho ne kai? Ga shi a ƙafarka!"

Yeong-bin ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon, ya gyara masa gashi, ya miƙa masa da hannu biyu, ya rusuna.

"Tsakiya ta Yaya ce," in ji shi.

Har yau ana gardama a shagon Inna Chu. Wasu sun ce da gangan ya yi. Ni ina kusa, na ga fuskarsa, kuma ban ga mugunta ba. Hannu ne da aka yi shekaru ana horarwa ya yi biyayya. Abin da Dal-su ya koyar ke nan, kuma shi kaɗai ne abin da ya taɓa koyarwa da kyau.

Ba a kira kowa a cikinsu ba. Yeong-bin ya koma tsibirinsu, na ji yana kiwon kawa, naman teku mai ɓawo, tare da ƙanen babansa. Akwatin gilashin kuma matar Dal-su ta sauke shi, tana shanya barkono a ciki.

Yanzu Dal-su yana koyar da ƙungiyar safe a ɗakin wasanni na unguwa, inda tsofaffin ma'aikata suke zuwa motsa jini. Mafi ƙanƙantarsu ya girme shi da nisa. Shi yake share fili, shi yake zuba musu shayin sha'ir da hannu biyu, yana ba duk mai saurare labarin ɗan kifin da ya ci amanarsa. Makon jiya na leƙa. An haɗa shi da wani tsohon direban bas mai furfura, ƙwallo ya zo tsakiya, Dal-su ya kai hannu, raket suka gwaru.

"Kai, yaro," in ji tsohon, "wa ya aike ka?"

Dal-su ya buɗe baki, ya duba furfurar, ya rufe. Sannan ya rusuna.