Abin da Za a Cire wa Inna Kulu

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da na shiga aji biyar na firamare, da hantsi, ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Tudun Wada, ni da kakata Inna Kulu, muna wanke kayan cikin ragon layya. Hayaƙin babbakar kai da ƙafa ya cika tsakar gida, ƙannena na kokawa a kan mafitsarar ragon don su hura ta su yi ƙwallo. Inna kuwa jifa-jifa takan dafe gefen cikinta na dama har ciwon ya lafa.

Tun kafin azumi likitoci suka ce sai an yi mata aiki, ta ƙi. Yayana Nuhu, wanda ke karatun likita, ya yi ta lallashinta, amma duk lokacin da ta tambayi abin da za a cire, sai ya faɗa da Turanci, in ta matsa ya ce vesica fellea, ya tsaya yana sosa ƙeya. Bai san sunan da Hausa ba. "Kai dai mijin nan nawa ba ka da kirki," in ji ta. "Abin da ba shi da suna a gidan ubana, ba mai yanka ni a kansa."

Ni kuwa ina son kalmomin nan. In ina sharar gindin mangwaro nakan ji Yaya yana bitarsu, pulmo, costa, vena, kamar mai kiran sunayen wasu garuruwa masu nisa. Ya ce mini Latin ne, harshen da babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi yanzu, amma likitan kowace ƙasa ya san shi. In ya tafi masallaci sai in buɗe ƙaton littafinsa, in yi ta kallon zane-zanen, ina raya cewa a cikin mutum akwai unguwanni da lunguna, kowanne da sunansa.

Ran nan Inna ta ɗaga hanta, ta sa wuƙa a hankali ta ɓamɓare wata 'yar jaka koriya, kada ta fashe ta ɓata nama. Nan take na gane ta, domin na san ta a littafin Yaya. Ban cika magana ba, amma sai na ce, "Inna, irin wannan za a cire miki." Aka kira Yaya, ya duba, ya riƙe baki. Inna ta juya ta a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. "Matsarmama? Wadda nake jefarwa kowace Sallah? Ashe ita kuka naɗa wa rawani!" Bayan Sallah ta yafa mayafinta, da ƙafarta ta tafi asibiti aka yi mata aikin, kuma ta rayu har ta goya 'ya'yan Yaya.

Yau ni ma likitanci nake karanta. Abokan karatuna na cewa kwanan Latin ya kusa ƙarewa, ni kuwa ban yarda ba, domin yana kwance a littattafai, ana haddace shi kowace shekara. Amma yanzu kayan ciki a wanke ake kawo mana daga kasuwa cikin leda, yara ba sa tsugunawa kusa da kakanninsu. Sunayen da ke bakin Inna nake tsoron su riga Latin tafiya.