Sunaye biyu da waliccin Rabi

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Wasu sun ce na mutu, wasu sun ce na tuba. Jinya na yi.

Da rawar hannu abin ya fara. In ɗauki alli da safe a lakol, makarantar da nake koyarwa, rubutun ya fito kamar tonon kaza. Sai na kurɓi giya hannun ke tsayawa. Garinmu Cadawa kuwa ya daɗe da raɗa mini suna: Mushe Kwalba.

Da azumi ya kama na yanke giya lokaci guda, wai ni namiji. Sai zufa, sai amai, sai cinnaku a bango waɗanda ni kaɗai ke gani. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai.

Daga asibitin Agiye aka tura mu Maradi, ni da matata, sashen masu taɓin hankali. Ƙarin ruwa, allura, awon jini, awon hanta. Waken da muka noma duka ya ƙare a kantin magani.

Likita ta ce, "Malam Isa, ciwonka yana da suna, dogaro da giya. Jikinka ne ya saba. Ana jinyarsa."

Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da maganar da ta sauke mini kaya kamar wannan ba. Ashe abin yana da magani.

Sai dai suna ƙafa gare shi. Kafin in dawo gida, na tashi daga Mushe Kwalba na koma mahaukaci. Ƙarin girma ke nan.

Ga auren Rabi ya matso, ɗiyar yayana Alhaji Sani. A gidanmu uba ba ya ba da ɗiyarsa, ƙanensa ke walicci, kuma ni kaɗai ne ƙanen. Alhaji ya same ni yana sosa ƙeya.

"Isa, ka san mahaukaci ba ya walicci."

"Da ban je asibiti ba fa, Yaya?"

"Da mashayi ne kai."

"To, mu je liman ya zaɓa mini ɗaya."

Liman ya ja ni da hira, daga farillan alwala har farashin taki. Sannan ya turo mini butar shayi. Na ɗaga ta sama na tsiyaya, kumfa ta tashi, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba.

Ya ce, "Alhaji, halin mutum na yau ake dubawa. Ni dai ban ga mahaukaci a zauren nan ba."

Na gode Allah, na gode wa likitan nan, da matata Hajara da ta sha zaman tabarma a barandar asibiti.

In hannunka na rawa da safe, kada ka yanke giya kai kaɗai, yana iya kisa. Je asibiti, ka karɓi sunan, ka karɓi maganin. Ni har yanzu ina komawa awo, kuma a motar kasuwa ba na ɓoye inda za ni.

Ranar Asabar, gaban jama'a, wakilin ango ya nemi Rabi. Ni na ce, "Na ba ku."