Na Fita Neman Ogansu, Aka Ba Ni Kujera

Shekarun baya ne, lokacin da tashin hankali ya koro mu daga garinmu muka faɗo Jimeta. Mu uku muka iso, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Mahaifina ya ce mu yi gaba zai biyo mu. Bai biyo ba. Wannan maganar daban ce, na bar ta nan.

Muka samu ɗaki ɗaya a Damilu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na iya tuƙi. Wani bawan Allah ya ba ni keke napep ina ja.

Ban daɗe da farawa ba samarin nan masu yawo da wuƙa suka tare ni da rana tsaka. Su huɗu ne. Suka fizge wayar fasinjata, ɗayansu ya tsaga min hannu. Suna yi suna ihu, suna kiran juna da sunayen da suka laƙaba wa kansu. Na gane guda, uwarsa ke tuyar ƙosai a bayan layinmu. Na ɗaure hannu da tsumma na tafi wurin Jauro, mai unguwarmu. Ya ɗauki sandarsa muka nufi gidan.

Matar ta gama ji, ta ajiye ludayi, ta shiga ɗaki ta jawo shi ta kunne. Ƙato ne da gemu.

Ta ce, "Mutumin da ya gudo da ransa, shi ka ga damar yankawa? Fito da wayar ko in tsine maka a gaban Jauro!"

Kafin la'asar waya ta dawo, har da ban haƙuri. Daga ranar kaina ya kumbura. A tashar keke nake ta faɗa wa mutane cewa duk mai ɓarna yana da gida, kuma a gidan akwai wanda yake tsoro, sai dai in ba ka nemo shi ba. Har laƙabi suka sa min, wai ƙaramin Jauro. Ni kuma ina amsawa.

Akwai abokina a tashar, Kirista ne daga wajen Numan, mutumin kirki. Ya samu aikin tuƙa motar wata makaranta zai bar keke. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Mutumina, akwai wani ƙaramin aiki da nake yi, zan bar maka. No wahala. Za a kira ka, ka ɗauki fasinja a gindin darbejiyar da ke gaban shagon tela a unguwarku, ka sauke a wani koren get a Karewa. Shi ke nan. Ladanka mai kemis na bakin titi zai ba ka."

Na ce, "Su waye fasinjojin?"

"Mutanenku ne, 'yan gudun hijira. Ana sama musu aiki a manyan garuruwa. Abeg kada ka je musu da surutun nan naka na Jauro."

Muka yi dariya. Na karɓa.

Mace ce ke kira. Muryarta a sanyaye, ba ta gaggawa. Sai ta gaishe ni tsaf, ta tambayi jikin Dada, yadda muke kiran mahaifiyata a gida. Ban taɓa gaya mata haka muke kiranta ba, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Kullum da sabuwar lamba take kira. Kullum bayan azahar, lokacin da zafin Yola ke korar kowa daga titi.

Fasinjojin samari ne da 'yan mata, kowa da jakarsa guda. Murna suke. Wata ta rera waƙar coci tun daga Damilu har Karewa. Wani saurayi uwarsa ta rako shi, ta riƙe ƙarfen keken ta ce da ni, "Ɗana, amana ce na ba ka. Shi kaɗai ya rage min." Na ce in sha Allah. A hanya ya ba ni gyaɗa daga cikin guzurinsa.

Gidan na Karewa shi ne abin da ya riƙa taɓa ni. Kafin in danna hon get ya buɗe, kaɗan, daidai shigar mutum ɗaya. Ban taɓa ganin hannun da ke buɗewa ba. Ta ratar nakan hango tsakar gida a share fes, ko sawun kaza babu. Ba hayaƙin girki, ba rediyo, ba shanya a igiya. Mutum ya shiga, get ya rufe, sai ka ji kamar unguwar gaba ɗaya ta ɗauke numfashi. Na ga gawa a hanya lokacin gudu, na tsallake na wuce. Amma a ƙofar gidan nan tsigar jikina ke tashi da rana tsaka.

Na kai wata huɗu ina yi.

Sai uwar saurayin nan ta fara zuwa tasha. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Ta zauna a bakin benci ta ce, "Ɗana, bai kira ba. Wayarsa a kashe. Ina ka kai shi?" Bayan ita wata ta zo. Bayanta wani dattijo.

Na ce a raina abu mai sauƙi ne. In nemo ogansu, in ɗauki Jauro mu je. Wannan ita ce wautar da na yi, na ɗauka irin waɗancan samarin ne.

Na fara da abokina. Na same shi yana wanke motar makaranta.

Ya ce, "Wallahi ban san oga ba. Mai kemis ne ya sa ni, shi nake ɗauka ogan." Da na gaya masa maganar iyayen, soson ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Jesus. Na fi ka daɗewa ina kai su fa."

Na tafi wurin mai kemis. Dattijo ne mai farin gemu, sahun gaba a masallaci. Ya ce shi ambulan ɗin kuɗi kawai ake ajiye masa, ya miƙa wa mai keke. Wa ke ajiyewa? Matar nan tela. Ita ce mai abin, in ji shi.

Na tafi shagon tela. Kullum ina tsayawa a gabansa, ban taɓa shiga ba. Tana ganina ta tsayar da keken ɗinki, ta miƙe tsaye, ta kakkaɓe kujera da gyalenta.

Ta ce, "Oga, yau da kanka? Bisimilla, zauna. Ko an yi wani kuskure ne?"

Na ce, "Wane ogan?"

Ta yi 'yar dariya irin ta wanda ake gwadawa. "Haba Alhaji. Ai tun farko hajiyar da ke kira ta gaya min. Ta ce mai keken nan shi ne mai aikin gaba ɗaya, ba ya son a san shi ne, shi ya sa yake shigar talakawa. Ni dai nemo masu son aiki nake, in tsayar da su a gindin bishiya."

Na dubi silifas ɗina da aka ɗinke da waya. Na dubi kujerar. Ban zauna ba.

Daga nan na wuce Karewa ni kaɗai. A karon farko get bai buɗe da kansa ba. Na tura, ashe ba a kulle yake ba. Ɗakuna huɗu, babu tabarma, babu ƙusa a bango. An share ko'ina. A bayan tankin ruwa na ga inda aka tara sharar. Na sa ƙafa na baje ta. Layukan waya ne, kowanne an karya shi biyu. Suna da yawa. Ban tsaya dubawa ba.

Ina nan tsaye wayata ta yi ƙara.

Ta ce, "Sannu da aiki. Yau ka sha rana, tun safe kana yawo. Ka samu ruwa ka sha. Akwai fasinja a wurin da ka saba, tana jira."

Na waiga. Ba kowa. Katanga ce kawai da rana.

Na ce, "Ke wace ce? Ina yaran mutane?"

Ta ce, "A gai da Dada." Ta kashe.

Na tafi gindin darbejiyar. Niyyata in ce wa ko wace ce ta koma gida. Tun daga nesa na gane mayafin, ni na saya mata shi da salla. Ƙanwata ce zaune a kan jaka a gindin darbejiya. Shagon tela kuwa an ja ƙofa an sa kwaɗo.

Ta tashi da fara'a, ta kira ni da Hamma, wato yaya. "Hamma! Kai aka turo? Shi ke nan asiri ya tonu. Da sai na isa zan kira ka."

"Shiga."

"Aikin shago ne, Hamma, har da wurin kwana. Wata guda tela tana min maganar. Dada ta sani, mu muka ɓoye maka don mun san halinka."

"Na ce shiga."

Ta shiga. Da ta ga na juya kan keken zuwa gida ta fara dukan bayana. Ta ce na fi son in gan ta tana wanke-wanke a gidajen mutane. Ta ce ni nake kai 'ya'yan wasu su ci gaba, tawa ce ba zan kai ba. Na ci gaba da tuƙi. Idona na kan madubi har muka isa. Babu wanda ya biyo mu.

A gida Dada ta ce, "Kai da kake kai su, yanzu kake cewa ba kyau?" Na ce, "Dada, yau na sani."

Na je wurin Jauro na zayyane masa komai. Ya ɗauki sandarsa kamar wancan karon, sai ya tsaya.

Ya ce, "To gidan wa za mu?"

Na ce, "Ba gida, Jauro. Ko suna ban samu ba."

Ya ce, "Ɗana, duk iyayen nan fuska ɗaya suka gani. Taka."

Duk da haka muka je ofishin 'yan sanda, ni da shi da abokina. Na faɗi abin da na sani. Na kwana biyu a can ana tambayata, an kawo mai kemis shi ma. Aka je Karewa, aka tarar da abin da na tarar. Mai gidan yana wani gari, ya ce ta waya aka kama haya, bai taɓa ganin kowa ba. Tela ba a sake ganinta ba. Har yau ban san ko guduwa ta yi ko ita ma an kira mata keke ne.

Na kwashe Dada da ƙanwata muka koma Adarawo a cikin Yola, gidan wani baffanmu. Na yi wata ina jiran a zo da wuƙa. Ba wanda ya zo. Ba a sake kira ba. Da a ce an zo ɗin, da na fi samun barci.

Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ya taɓa ce min Turawa sun raba abin biyu. Ya ce waɗancan samarin su ake ce wa gang, waɗannan kuwa sindiket. Ni ban damu da sunan ba. Abin da na sani, na farkon sun san juna, suna son a san su, ana iya zuwa gidan uwarsu. Sun yanke ni, tabon yana hannuna, ya warke. Na biyun ko junansu ba su sani ba. Ba su da unguwa. Da mutanen kirki suke aiki, mai kemis, tela, mai keke, kowa da ɗan guntun aikinsa mai tsabta, kowa yana zaton na kusa da shi ne babba. Ba su taɓa ɗaga min murya ba.

Har yanzu keke nake ja. In na ga matashi da jaka guda yana jira a gindin bishiya sai na tsaya na tambaye shi ina za shi, wa ya aiko a ɗauke shi, ya taɓa ganin fuskarsa. Wasu su amsa, wasu su ce ina ruwana. Cikin waɗanda na kai Karewa, mutum biyu na ji labarin sun dawo bayan shekaru, kuma ba sa son maganar. Mai gyaɗar nan ba ya cikinsu.

Ƙanwata ta yi aure a nan Adarawo, 'ya'yanta uku. Bara na ɗauko ta daga asibiti da jaririyarta, muna kan hanyar Jimeta zuwa Yola, sai ta ce daga baya, "Hamma, in tambaye ka?"

Na ce, "Ina ji."

"Ranar nan, da wata ka tarar a gindin bishiyar ba ni ba, ga matar ta ambaci Dada, da gida za ka mai da ita ko Karewa?"

Na daɗe ina gaya wa kaina gida zan mai da ita. Na kai hannu na gyara madubi. Muka wuce shataletale, muka shiga layi, na tsaya a ƙofar gidanta. Ta sauka, ta gyara goyon, ta ce in shigo in ci abinci.